Gidan Darar Gwaggo

Kwana ukun da muka yi muna zaman makokin Gwaggo, yayar babana, ban ga wanda ya shigo gidan ya fita bai yi maganar bargo ba. A gaisa, a ce ya haƙuri, a yi addu'a a shafa, sai ka ga mutum ya gyara zama ya ce, "Ai ni ma akwai nata a ɗakina."

Wata tsohuwa, matar masunci, ta taso tun daga Tunuga. Ta shigo tana "fonda tilas, fonda tilas," gaisuwar mutuwa irin ta Zabarmawa, ta zauna kusa da ni ta riƙe mini hannu. Ta ce shekarar da ruwa ya ci musu gida suka koma kwana a lekol, wato makarantar boko, Gwaggo ta aika mata da bargo, alhali ko fuskar juna ba su sani ba. Wata kuma yarinya ce, ta ƙetaro kogi daga Malanbil a jirgi, jaririnta a naɗe cikin ɗan ƙaramin bargon ƙyallaye, ta ce ita ma a cikinsa aka naɗe ta tana jaririya. A ƙofar gida kuwa direbobin kamiyo, manyan motocin kaya, ne suka cika tabarmi, abokan aikin ɗan Gwaggo, taubashina. Ina jiyo ɗayansu daga zaure yana cewa, "Wallahi lokacin ɗari, da za a bi layin motocin da ke jiran duwan, wato kwastan, a duba duk wanda ke kwance ƙarƙashin mota, rabinsu da ɗinkin tsohuwar nan suka rufa. Allah ya rufa mata asiri yadda ta rufa mana jiki." Duk suka ce amin.

Ni kuwa, Allah ya yafe mini, ina amsa gaisuwa ina leƙen barguna. Jaririn nan na Malanbil sai da na karɓe shi na jujjuya abin da aka naɗe shi a ciki, uwar tana murmushi, a zatonta yaron nake wa wasa. Shuɗi nake nema. Wata atamfa shuɗiya mai ganye-ganye ruwan ɗorawa, zanen mahaifiyata, abu ɗaya tak da ya rage mini nata. Da hannuna na yayyanka shi, da hannuna na jefar da shi a gaban Gwaggo, kuma shekara shida ke nan ban san inda ta kai shi ba. Yanzu ga mai amsar ta tafi.

Amma bari in fara da ita kanta, don ba don zanen kaɗai na ɗauki alƙalami ba. Ina tsoron nan da 'yan shekaru bargunan su tsufa, a mayar da su tsumman goge mota, a manta hannun da ya haɗa su.

Gwaggo doguwa ce, siririya, mai ƙaton tabarau da ƙafarsa ɗaya ta karye ta ɗaure da zare. Ba ta taɓa kiran sunana ba, saboda sunan mahaifiyarsu aka sa mini, sai dai ta ce "Uwata." In tana jin daɗina, Uwata. In za ta ci mini mutunci ma, Uwata, sai dai ta ja shi ya yi tsawo. Duk mako takan ɗauki buhu ta bi layin teloli a kasuwa, kowane tela ya san ya tara mata guntayen da suka faɗo daga almakashinsa. In ta dawo ba ta taɓa allura sai ta wanke su tukuna. Takan tsoma kowane ƙyalle a farin kwano, in ruwan ya canza launi ta ce, "Wannan mai zuba ne, zai ɓata maƙwabtansa," ta ware shi gefe. Sauran ta shanya a kan darni. Ranar wankin ƙyalle duk wanda ya wuce ta bayan gidan ya san Gwaggo ta je kasuwa.

Kuma ta san asalin kowane guntu. Wannan ankon bikin gidan liman ne, wannan rigar sallar mai shagon magani ce, wannan na matar da ke sayar da ƙosai a tasha. In ta ji mata biyu sun yi faɗa a unguwa, sai ta nemo ƙyallen kowacce ta ɗinke su gefe da gefe, ta ce, "To, su ƙarata a nan."

Kayan aikinta ba su wuce huɗu ba: allura, zare, almakashi, sai wani guntun kwalin sabulu mai kusurwa huɗu, faɗin tafin hannu. Da shi take awo. Ta ɗora shi a kan ƙyalle, ta zagaye da gawayi, ta yanka. Duk guntun da ya fito girmansu ɗaya, kowanne ta kira shi gida. Ta jera mai duhu kusa da mai haske, mai haske kusa da mai duhu, ta ɗinke su layi-layi, ta haɗa layukan, ta sa tsohon zane a tsakiya, ta yi shafi a baya. Wannan tsarin shi take kira gidan dara, don ya yi kama da gidajen da 'yan dara ke tonawa a ƙasa. Tun da na yi wayo, shi kaɗai na ga tana yi.

Yabo kuwa ba ya cikin bakinta. In ka yi abin da ya burge ta ƙwarai, ta dube shi ta saman tabarau ta ce, "Ba laifi." Taubashina ya ce ranar da ya fara shigo da kamiyo garinmu Gaya da kansa, unguwa duk ta fito kallo, ita abin da ta ce masa ke nan.

Ni dai kowa ya san ni a kasuwa, busasshen kifi nake sayarwa, kuma ina da gaggawa ina da baki. Ban ɓoye ba. Da Inna, mahaifiyata, ta rasu aka raba kayanta, aka yi sadaka da wasu, ni na ce a bar mini shuɗin zanen nan kawai. Ba ta ɗaura shi sai ranar salla ko suna, sauran lokaci yana ƙasan akwati, shi ya sa ya yi shekaru bai mutu ba. Har lokacin yana ƙanshin turarenta. Ban iya ɗaura shi ba, in na ɗaura sai kuka. Ban kuma so ya koma akwati asu ya cinye. Ana nan sai na ga hoton wani bargo a waya, mai manyan taurari, kowanne da tsinaye takwas. Nan take na ce shi ke nan, haka zan mayar da zanen Inna, in shimfiɗa a gadona in riƙa ganinsa kullum.

Na tafi wajen Gwaggo da hantsi, na tarar da ita a gindin bishiyar bedi tana jera gidaje a tabarma. Na miƙa mata wayar. Ta nisanta ta da ido, ta matso da ita, ta miƙo mini abata.

"Yana da kyau," ta ce. "Wa zai ɗinka?"

"Ni mana. Ke dai ki nuna mini."

"Uwata, kin taɓa yin faci?"

"Faci kuma? Ba tela nake kai wa ba?"

"To ki ajiye zanen nan inda yake. Ga buhu can, ɗebi ƙyalle, ga kwali. Ki yi gidan dara ɗaya ƙarami, na jariri. In kin gama ki yi na babba. Mai koyo da gidan dara yake farawa, don yankansa miƙe yake, ɗinkinsa miƙe yake, in kin ɓata gida ɗaya ki jefar ki yanko wani. Wancan na wayarki duk a karkace ake yanka shi. Zane kuwa in aka yanka shi a karkace miƙewa yake yi a hannu, balle tsoho."

"Haba Gwaggo! Inna guda zan yi wa gidan dara, irin na 'yan kamiyo?"

"'Yan kamiyon ba mutane ba ne? Ki fara da abin da za ki iya gamawa."

Na ce to, a baki. A zuciyata kuwa cewa na yi tsohuwa ce, ba ta son sabon abu. Ranar da la'asar na shimfiɗa zanen Inna a tsakar ɗakina, na jingine waya a jikin kwano, na ɗauki almakashin da na aro. Ko kwali ban nema ba, da ido nake awo. Kafin magariba na mayar da zane guda ƙananan guntaye masu kusurwa uku, tuli guda. Ina yanka ina jin daɗi, wallahi, har da 'yar waƙata.

Mako biyu ina fama. In na haɗa biyu, na uku ya ƙi. Wannan ya fi wancan tsawo, wancan ya miƙe ya zama wani abu daban. Tsinin da ya kamata su haɗu a tsakiya kowa ya kama gabansa, tsakiyar ta kumbura kamar hula. In farke in sake, in farke in sake, har bakin ƙyallayen ya fara zubar da zare, wasu suka yage a hannuna. Ranar da na gane babu tauraro kuma babu zane, na zauna a ƙasa na yi kukan da ko ranar rasuwar Inna ban yi ba. Na tattara su a leda na nufi gidan Gwaggo, ina zaton za ta rarrashe ni.

Ina! Ta zazzage ledar a tabarma, ta daɗe tana kallo. Ta ɗauki guntu ɗaya ta shafa shi a cinyarta. Da ta ɗago, ban taɓa ganin fuskarta haka ba.

"Uwaaata," ta ce. "Zanen da ya fi shekara arba'in bai mutu ba, kin kashe shi da yamma ɗaya. Kin san wa ya zaɓo shi? Ni. Ni na ƙetara Malanbil na zaɓo shi na sa a kayan auren uwarki, ni na ɗauko akwatin a kaina. Ke kaɗai kika yi rashi?"

Da ina da hankali da na yi shiru. Amma kunya da baƙin ciki suka hau mini kai, bakina ya riga ni. Na ce, "Da kin iya ai da kin nuna mini! Shekara hamsin abu ɗaya kike yi, gidan dara, gidan dara. Ba ki iya komai ba sai shi!" Na shuri takalmana na fita, na bar mata guntayen a tabarma.

Wata biyu ban taka gidan ba. Taubashina in ya biyo ta kasuwa sai ya tsaya nesa ya ɗaga murya, "Mai almakashi! A ɓoye zannuwa, ga ta nan!" In jefe shi da kan kifi. Sunan ya bi ni har yau.

Ita ce ta zo. Babba da ita, yayar ubana, ta tako har rumfata da rana tsaka, da ƙullin ƙyallaye a hannu. Ta ture kwandon kifi, ta zauna a benci, ta ce, "Wanke hannunki, kina ƙarni." Ta ciro wani sabon kwali da ta yanka mini daidai da nata. Ba ta ta da maganar ba, ni ma ban tayar ba. Na durƙusa dai na gaishe ta, ta ce, "Tashi, ɗauki gawayi."

A rumfar nan na koyi gidan dara, tsakanin mai sayen kifi da mai sayen kifi. Ta nuna mini yadda ake bin zaren zane wajen yanka, yadda ake barin bakin ɗinki faɗin ƙaramin yatsa, kada a haɗa mai santsi da atamfa, kada a ja zare har ƙyalle ya tattare. Na farkon da na gama na jariri ne, ya karkace kamar gonar da aka yi rabonta da rigima. Na ce zan ɓoye shi. Ta ce, "Jariri bai san karkata ba, ɗumi ya sani," ta sa na kai wa maƙwabciyata da ta haihu. Na biyu ya fi. Na huɗu ta juya shi gaba da baya, ta ja ɗinkin da ƙarfi, ta dube ni ta saman tabarau ta ce, "Ba laifi." Ranar kifi har gyara na riƙa yi wa mutane ba su roƙa ba.

Sau ɗaya na yi ƙarfin hali na tambaye ta. Na ce, "Gwaggo, ledar nan fa?"

"Wace leda?"

"Ta zanen Inna."

"Kin jefar, na tsinta. Ba taki ba ce yanzu."

Ban ƙara ba. Amma na san Gwaggo ba ta zubar da ƙyalle, kuma ba ta ajiye bargo, duk wanda ta gama sai ta bayar. Tun daga ranar, in na ga bargonta a kan igiyar wani gida sai na rage tafiya. In na bi ta tasha na ga direba ya shanya nasa a ƙofar mota, sai gabana ya faɗi, kada in ga Inna a can ta sha baƙin mai. Na ji haushin Gwaggo a kan wannan, ba zan yi ƙarya ba, ko da muna zaune muna ɗinki muna dariya.

A rana ta biyu ta makoki wani tsohon tela ya aiko a kira ni zaure. Shi ne ya fi kowa daɗewa yana tara mata ƙyalle. Bayan mun gaisa ya ce, "Ɗiyata, an ce ke kika gaji allurar. To ki riƙe da kyau. Ke ba ki ga hannunta ba lokacin ƙuruciya. Taurarin da take wa amare a zanen gado, har daga Dosso ake aiko mata."

Na ce, "Baba, taurari? Gwaggo?"

"Ita fa. Ni na tambaye ta don me ta daina. Ta ce tauraro ɗaya yana cin wata uku, a shimfiɗa a gado a hana kowa zama a kai. Gidan dara kuwa kwana goma ta gama, wani ya rufa."

Na koma cikin gida ban san inda nake sa ƙafa ba. Shekara shida matar nan tana zaune da maganar da na yaɓa mata, kalma ɗaya ta ishe ta ta kunyata ni, ba ta faɗa ba. Mata suka ga ina kuka suka yi ta ba ni haƙuri, ba su san kukan kunya nake yi ba.

Bayan addu'ar bakwai, da safe, ina shara sai ga taubashina da wata tsohuwar kwalla a hannu, an ɗaure murfinta da ƙyalle. Ya rame, idanunsa sun faɗa. Ya ajiye ta a gabana.

"Mai almakashi," ya ce, amma a hankali. "Tun tana gidan likita ta ce in ba ki wannan in an watse. Ta ce in kin ga na ƙasan kada ki yi mata baki, ba ta nan balle ta rama."

Ya juya ya fita da sauri, na san ba ya so in ga fuskarsa.

Na kwance ƙullin. Kwalinta ne a sama, wanda ya yi laushi don tsufa. A ƙarƙashinsa gidaje ne jere, an danne su sun kwanta lumui, kowanne faɗin tafin hannu. Rabin kowane gida shuɗi ne mai ganye ruwan ɗorawa. Ashe guntayen nan da na lalata ta bi su ɗaya bayan ɗaya, ta datse bakin da ya zube, ta daidaita su, ta haɗa kowanne da wani guntu mai kusurwa uku irinsa, biyun suka tashi gida guda mai kusurwa huɗu. Ɗaya rabin kuwa ruwan ƙasa ne mai ɗigo-ɗigo. Na san shi. Zanen Gwaggo ne na zuwa Juma'a, wanda na daina ganinsa a jikinta har na tambaya ta ce ya tsufa.

Na riƙa fito da su ina jerawa a tabarma. Na ƙasa-ƙasa ɗinkinsu ƙanana ne, ba ka ganin zaren. Na sama, waɗanda ta yi daga baya da idon ya tafi, ɗinkin ya yi manya, wani wurin ta soka allura sau biyu a rami ɗaya. Ban sami guntu ko ɗaya da ta bari a banza ba.

Can ƙasan kwallar akwai wani a ninke. Na buɗe. Gidaje goma sha shida ne ta riga ta haɗa, huɗu-huɗu, layi miƙe kamar kowane gidan dara nata. Sai dai ta jujjuya su, wannan shuɗinsa ya kalli nan, wancan ya kalli can. Na ɗan ja baya don in gani da kyau, sai ga tauraro, shuɗi, da tsinayensa takwas, kowanne ya zauna inda ya kamata.

Na ce, "Kai, tsohuwar nan!" da ƙarfi, ni kaɗai a tsakar gida. Ina dariya hawaye na zuba a kan tabarma, sai da na janye gidajen kada su jiƙe.

Na gode, Gwaggo. Ban faɗa miki da baki ba kina raye, don ni da ke ba mu saba da irin wannan ba, to ga shi na rubuta kowa ya gani. Allah ya jiƙanki, ya yafe miki, ya haɗa ki da Inna a inda babu ɗari. Wanda duk ya taɓa rufa da ɗinkinki, in ya karanta wannan, ya yi miki addu'a.

Yanzu kullum da hantsi, in kasuwa ta lafa, sai in wanke hannu in buɗe kwallar. Ina ajiye nata a gabana ina kallo, ina jera nawa huɗu-huɗu. Na gama taurari uku. Jiya na ga na juya gida ɗaya ba daidai ba, tsinin ya kalli waje. Na farke shi a hankali, zare ɗaya-ɗaya, na sake.